Saman Gidan Baba

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Baba, Auta ta daina bambance Litinin da Asabar. Gari na wayewa za ta sauko daga bene da bahon ruwan ɗumi, ta tura ƙofar ɗakinsa da gwiwar hannu, ta gaishe shi, ta yaye labule. Mijinta ne ke biyo bayanta ya ɗaga tsohon, ya goge masa jiki, ya sa masa riga, don ita 'ya mace ce, akwai inda hannunta ba ya kaiwa. Sai an gama za ta ba shi magani da abin kari cokali-cokali, ta koma sama ta sallami yaranta biyu makaranta, sannan ta hau keken ɗinki, ga tulin labulayen mutane na jiran ta. Ita ce ƙarama a 'ya'yan Baba uku, ita kaɗai kuma ke zaune a gidan. Ba wanda ya taɓa zama ya ce ita za ta yi jinya, jinyar ce kawai ta duba ta kama na kusa.

Mijin nata mai gyaran firji ne, amma duk unguwa Injiniya ake ce masa, har Baba. Mutum ne mai sanyin hali, ga wata irin kunya da kan ba mutum haushi wani lokaci. Kunyar nan ce ta fara burge Auta ranar da ya zo gyara musu firji tana budurwa, ya gama aiki ya kasa faɗin kuɗinsa, sai da ta bi shi har bakin ƙofa tana dariya. Ba ta san wata rana halin da ta so shi dominsa ne zai nemi raba ta da barci ba.

A gidan haya suka fara zama. Da mahaifiyarta ta rasu, Baba ya kira su ya ce gidan ya yi masa girma, shi kuma ba zai koma gidan kowa ba, su hau sama su gina nasu. Haka aka yi. Shekaru suka kwashe suna tara bulo, in ta karɓi kuɗin ɗinki a sayi siminti, in ya samu aikin otal a sayi rodi. Wayar wuta da kansa ya ja ta, tayil ɗin banɗaki ita ta zaɓa. Da benen ya tashi, ofishin haraji suka ƙara wa gidan kuɗi, Injiniya ya karɓi biyan gaba ɗaya duk shekara, rasit na fitowa da sunan Baba, shi kuwa daɗi ma yake ji, a ganinsa girmamawa ce. Maganar takarda ba ta taɓa fita daga bakin kowa ba. Ina surukin kirki zai kalli idon uban matarsa ya ce a rubuta masa?

Wata safiya tana guga kusa da taga ta hango motar Yaya, babban wansu, dillalin motoci. Tare yake da wani mutum mai igiyar awo, suna zagaya gidan, mutumin na ɗaga kai yana ƙirga tagogin sama. Ta sauko da sauri ta gaishe shi. Yaya ya amsa sama-sama, ya ce ba komai ba ne, so yake kawai ya san darajar gidan don sanin hali. Mai awon ya tambaya ko sama da ƙasa duk ɗaya ne.

"Duk gidan Babanmu ne," in ji Yaya, ko kallon ta bai yi ba.

Ranar sau biyu tana ɗinka labule a baibai tana farkewa.

A cikin masu kawo mata ɗinki akwai wata lauya, mace mai saurin magana da tabarau a saman goshi. Da Auta ta kai mata labulayen ofis, sai ta tsaya tana murza gefen mayafi har matar ta ce ta zauna ta faɗi abin da ke cin ta. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta tambayi sunan wa ke kan takardar fili. Na Baba. Izinin gina benen fa? Na Baba. Rasit ɗin haraji? Auta ta sunkuyar da kai.

"To 'yar'uwa, a idon hukuma ku biyun nan kyauta kuka yi wa Babanki," in ji Lauya.

Ta yi mata bayani dalla-dalla. Abin da aka ɗora a kan fili yana bin mai filin ne in ba rubutu. Idan ta Allah ta kasance a haka, benen zai shiga cikin gado a raba da shi, ita ta samu kasonta kamar kowa, mijinta kuwa ba magaji ba ne, ko ƙusa ba shi da ita. Za su iya zuwa kotu da shaidu, amma shari'ar 'yan'uwa tana cin shekaru, tana kuma cin zumunci kafin ta ci kuɗi. Maganin abin shi ne tun Baba na cikin hankalinsa, likita ya shaida hakan, a tara 'ya'yansa, ya faɗa a rubuta cewa saman nasu ne, a yi rajista a biya abin da hukuma ke karɓa. Ta tambaya ko maganarsa na fita. Auta ta ce da ƙyar.

"To kada ki bari ya kwana da yawa."

Da yamma, bayan yara sun ci abinci sun sauka wajen kakansu, ta zayyana wa Injiniya komai. Yana zaune yana cire takalmi, hannunsa duk baƙin mai. Ya girgiza kai.

"Mutumin da nake goge wa jiki da safe, shi zan zo wa da biro da yamma? Sai a ce duk wankan na kuɗi ne."

"Ni ma ubana ne, ba ka fi ni jin nauyinsa ba. Amma yaran nan fa? Ina za mu kai su?"

Ya ce Allah da ya ba su wannan zai ba su wani. Ta ce Allah ya ba su hankali ma, su yi aiki da shi. Ba su taɓa kwana da fushi ba tun da suka yi aure, ranar kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya. Ta gaji da ɗinki, ta gaji da hawa da sauka, yanzu kuma ga gajiyar lallashin mutumin da take nema wa haƙƙinsa.

Da ta ga ba zai motsa ba, sai ta ɗauki waya ta kira Yaya da kanta, cikin ladabi, ta ce tana so a zauna a kan maganar bene. Kafin la'asar sai ga shi ya faɗo gidan, ya kuma kira Anti, yayarsu da ke aure a wani gari, ya sa wayar a sifika ya ajiye a kan tebur. Injiniya na shigowa daga shago ya tarar da su a falon ƙasa. Yaya ya shiga faɗa, ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba. Ya ce dama ya daɗe yana mamakin wannan hidima, ashe lissafi ake yi, an zauna a gida ba haya shekara da shekaru yanzu kuma ana so a haɗiye shi. Anti ta fashe da kuka a waya tana cewa Baba bai mutu ba an fara rabon gadonsa. Mutumin da ya zo da mai igiyar awo makon jiya, shi ne yau ke rantsuwa bai taɓa kawo mutuwar Baba a ransa ba, kuma ba wanda ya tuna masa.

"Daga yau kar ka sake shiga ɗakin ubana," Yaya ya ce, yana nuna Injiniya da makullin mota.

Injiniya ya juya. Ya hau sama, ya ɗauki kaya kala biyu a leda. Auta ta biyo shi tana haki. Ya ce mata ya bar musu ginin har abada, zai nemi haya, kafin nan zai riƙa kwana a ɗakin bayan shago. Ta ce to Baba fa, wa za ta bar wa shi? Ya ce shi bai ce ta zaɓa ba. Amma zaɓin ne ya ajiye mata a tsakar ɗaki ya fita, su duka sun sani. Ta zauna a bakin gado ta yi kuka mai isarta, kukan haushinsa da tausayinsa a haɗe.

Yaya ya zo safiya biyu ya gwada ɗaga Baba da kansa, a ta uku bayansa ya riƙe. Sai ya ɗauko wani ƙato da ake biya, mai ɗaga tsohon kamar buhun siminti yana amsa waya. Baba ya daina cin abinci sosai. In Auta ta kai cokali sai ya kawar da kai ya zuba wa ƙofa ido. Ita kuma ta rame, ɗinki ya taru, masu labule na ta kira. Injiniya kan aiko da cefane kullum, ya kira ya tambayi yara da jikin Baba, muryarsa a dushe, amma maganar dawowa ba ya yin ta. Ya ce ya ga wani gida mai ɗaki biyu, ƙarshen wata za a ba da makulli.

Wata hantsi tana zaune a ƙasa kusa da gadon Baba, kwanon abinci ya huce a hannunta, tsohon ya motsa baki da ƙyar ya tambayi ina Injiniya. Ta ce aiki ne ya yi masa yawa. Ya dube ta da idon nan nasa da ƙarya ba ta wucewa a gabansa tun tana ƙarama.

"Auta. Idan na mutu..."

A gidan nan ba a taɓa barin Baba ya ƙarasa wannan jimla ba. Tun yana da lafiya, da ya fara sai wani ya tare shi, haba Baba, daina wannan magana, Allah ya ƙara nisan kwana, sai a kawo hirar jikoki. So ne ke sa su haka, kuma Auta ta fi kowa saurin tarewa. Yau ma ta buɗe baki, amma gajiya ta hana kalmar fita. Ta jingina kai da katifa kawai. Shi kuwa ya ci gaba.

Maganar ta daɗe tana fita, kalma na jan kalma, wani lokaci sai ta goge masa gefen baki. Ya ce ya ji duk abin da aka faɗa a falo, ɓarin jikinsa ne ya mutu, kunnensa na nan. Ya ce tun ranar da aka rufa benen yake son a rubuta, ya fara maganar ya fi a ƙirga, kullum sai su rufe masa baki da addu'a. Shi ma kuma ya ji nauyin ya matsa, kada a ce ya fifita wata a kan wasu.

"Kira min su duka. Da mai takardar. Da Injiniya."

Ta bar yara wajen maƙwabciya ta nufi shago. Ta same shi tsugune a bayan wani tsohon firji, tabarmarsa a naɗe a lungu, kofin shayin jiya da ƙudaje a kai. Shi ma ya faɗa, ƙasumba ta cika masa fuska. Da ta faɗa masa saƙon Baba ya ce ta yi haƙuri, ƙafarsa ba za ta iya taka falon nan ba, in ya je ya tabbatar da zargin Yaya ke nan.

Ta zauna a kan wani akwatin kayan aiki, ba ta ɗaga murya ba, ba ta ma da ƙarfin ɗagawa.

"Na san ba ka son ginin. Ni ma yanzu ya fita raina. Amma ka duba ni. Ina jinyar ubana ni kaɗai, ina kwana ni kaɗai, duk don kada a ce da kai mai kwaɗayi. Kunyar taka ta fi ni daraja ke nan a wurinka?"

Ya ajiye sukudireba. Ya dube ta sosai, irin duban da ya daɗe bai yi mata ba, ya ga ƙashin wuyanta da ya fito.

"Ba ki cin abinci," ya ce.

"Wa zan ci da shi?"

Ya miƙe ya wanke hannu, ya ja ƙofar shago.

An yi zaman ne ranar Asabar da safe, a ɗakin Baba. Likitan da ke duba shi ya fara shiga, ya yi masa tambayoyi, ya rubuta cewa hankalinsa garau yake. Anti ta zo a motar farko, idonta a kumbure. Yaya ya tsaya jikin bango ya sha mur. Lauya ta zauna a kujerar roba da takardu a cinya. Injiniya kuwa a bakin ƙofa ya rakuɓe, sai da Baba ya yafito shi da hannunsa mai lafiya.

Baba bai yi wa kowa faɗa ba. Ya tambayi Yaya, a hankali, ko ya sa wani abu a ginin sama. Yaya ya ce a'a. Ya tambayi Anti, ita ma ta ce a'a. Ya ce shi ma bai sa ba. Don haka saman ba nasa ba ne balle ya bar wa wani, ba kyauta yake yi ba, gaskiya yake faɗa. Ƙasa da fili su ne nasa, a raba su yadda ya dace bayan ransa, in kuma za a sayar, a fara yi wa mazauna sama tayi. Sannan ya ce ya san kasuwar Yaya ta karye, ya san bashin da ke kansa, da ya zo ya faɗa masa da baki da ya fi zuwa da igiyar awo. Yaya ya kawar da fuska.

Lauya ta karanta abin da ta rubuta, Baba ya dangwala yatsa, Anti ta sa hannu, Yaya ya sa nasa da ƙyar. Da aka miƙa wa Injiniya biro sai ya mayar da hannunsa baya. Ya roƙi Baba ya yafe masa, shi don Allah ya yi komai, ya bar wa 'ya'yan gidan.

Tsohon ya yunƙura har sai da Auta ta tallafe shi.

"Kai ka yafe don kunya, zuciyarka ba ta yafe ba, yaranka ma ba su yafe ba. So kake in tafi da haƙƙinku a wuyana? Kai ke ɗauka ta kullum da safe. Wannan nauyin ma sauke min."

Injiniya ya durƙusa a gaban gadon, ya karɓi biron. Hawaye ya hana shi ganin layin, sai da Lauya ta ɗora masa yatsa a wurin.

Ba a nan wahalar ta ƙare ba. Makonni suka yi suna zarya a ofishin filaye da na haraji, yau a ce oga ba ya nan, gobe a ce saura hoto, jibi a ce fom ɗin tsoho ne. Kuɗin rajista da harajin da aka yanka musu sai da Injiniya ya sayar da babur ɗinsa, ya koma tafiya shago a ƙasa. Lauya ta ce da tun farkon ginin suka yi, da bai kai haka ba. Amma ya dawo gida, ya koma ɗaga Baba da safe, Baba kuma ya koma cin abinci. Da yamma Auta kan jiyo su daga sama, ɗaya na magana da ƙyar, ɗaya na amsawa da ladabi, su kwashe awa a kan lalacewar firjin zamani.

Baba ya ƙara kusan shekara guda, sannan ya cika wata safiya, kansa a kafaɗar surukinsa. Da aka zo rabo, zama ɗaya aka yi aka tashi, ba kotu, ba zagi. Auta da mijinta suka riƙe ƙasan gidan, aka lissafa kasonta a ciki, suka yi yarjejeniya a rubuce za su riƙa biyan Yaya da Anti nasu a hankali. Bayan an watse, Yaya ya hau benen, abin da ya yi shekaru bai yi ba. Ya tsaya a bakin ƙofa yana juya makullin mota, ya ce da Injiniya firjin gidansa ya daina sanyi, ko zai leƙa. Bai iya ba da haƙuri fiye da haka ba, Injiniya kuma bai nemi ƙari ba, ya ce gobe da safe yana tafe.

Mutane da yawa suna ɗauka rubutu tsakanin 'yan'uwa rashin yarda ne, maganar gado kuma a gaban mai rai rashin tarbiyya ce. Saura ƙiris wannan tunanin ya raba Auta da mijinta, ya raba ta da 'yan'uwanta, ya kuma tura tsoho kabari da nauyin da ya yi shekaru yana neman saukewa. Kunya ado ce, amma ba a biyan ta da haƙƙin iyali. Wanda ke son iyayensa ya bar su su faɗi abin da ke ransu tun bakinsu na motsi, a rubuta, a sa shaidu. Haƙurin da Auta da mijinta suka yi bai tafi a banza ba, sai dai da an yi maganar da wuri, da ba su sha rabin abin da suka sha ba.

Har yanzu Auta kan farka da sassafe ta ɗora ruwa kafin ta tuna ba mai jiran sa a ƙasa. Sai ta tsaya jim, ta yi wa Baba addu'a, ta juye ruwan ta haɗa wa mijinta shayi.